Ƙarshen da Na Karanta wa Matan Gidanmu

Kpakungu, Minna
6 ga Maris, 1993

Ƙawata Margaret,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya garin Gwada, ya ɗalibanki, ya ƙafar Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Kashi na ƙarshe na littafin nan namu ya fito, bayan jiran da har haihuwa da yaye na yi a cikinsa. Na ɗinke shafukan ƙarshe da zare kamar yadda muka saba, don kada ko ni mai karanta wa matan gida in leƙa. Kullum bayan la'asar babi ɗaya. Hajjo mai nono ma sauke ƙwaryarta take ta zauna.

Sai Rahmatu ta ɗakin ƙofa ta dawo biki daga Kano, inda wata ta ba ta labarin. A bakin famfo, gaban kowa, ta ce wai yarinyar littafin mutuwa za ta yi a haɗarin mota. Tana faɗa tana dariya, ita da ko sunanta ba ta iya karantawa, albarkacin bakina ta san labarin. Ranar ba wadda ta hau tabarmata. Hajjo ta ce me za ta zauna ji, an riga an yi jana'iza.

Wallahi ban yafe ba. Za ta san ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Taki,
Halimatu

Kpakungu, Minna
17 ga Maris, 1993

Ƙawata Margaret,

Ina fata kuna lafiya, ki gaida Mama.

Da ƙyar na lallaso su suka dawo. Na tsinke zaren a ɗaki ni kaɗai. Gaskiyar Rahmatu ce, yarinyar ta mutu. Na sha kukana, na wanke ido, na fito.

Da muka iso wurin, idona na kan takarda, bakina na zuba nawa: motar ta kife, yarinyar ta fito da karayar hannu, ta koma ga 'ya'yanta. Hajjo ta rangaɗa guɗa. Mata suka yi ca a kan Rahmatu, maƙaryaciya ita ce mafi sauƙin abin da suka kira ta. Tana rantsuwa har da hawaye, ni kuwa sanyi nake ji har cikin raina.

Yanzu Rahmatu ta ce ke take jira, in kin zo ranar Asabar ki karanta musu da bakinki, tunda ba kya ƙarya. Ki zo lafiya, amma ba abin da za ki tarar. Shafukan nan na hura wuta da su na dama kunu, na aika mata kofi guda. Ta shanye, har ta aiko da godiya.

Taki har kullum,
Halimatu