Takobin Kaka

Daren Talata, Nuwamba 1976, Tottenham

Yau na kai takobin Kaka shagon wani Bature da ke sayen tsofaffin kayan yaƙi. Baba ya taho da shi daga gida da ya zo Landan ganin likita, yana son shaidar cewa Kaka ya ƙwato shi daga hannun wani hafsan Jamus a Kamaru, a yaƙin duniya na farko.

Baturen ya duba tambarin maƙera a gindin ƙarfen, ya ce, "Na Jamus ne, yana da daraja. Amma a yaƙin duniya na biyu aka ƙera shi."

A lokacin kuwa Kaka ya daɗe a kabari.

Na dawo, Baba na kwance yana tari. Ya ce, "Habibu, me ya ce?"

Na ce na tarar da shagon a rufe.