Faifan da Zan Sa a Bikin Tambaya

Daga Parakou, unguwar Gar

Zuwa ga Yaya Rabi'atu a Djougou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina ci ina ƙoshi.

Kada ku tada hankali kan abin da kuka ji. 'Yan komitin unguwa sun ɗan tsare ni, suka sa ni noman gonar gwamnati, bayana ma ya kusa warkewa. Abin da ya ƙona min rai faya-fayena. Tambaya, ɗan garinmu da muke lodin kamyo, manyan motocin kaya, tare, shi ya kai ƙarata wai ina jin kiɗan 'yan mulkin mallaka. A gabana aka farfasa su.

Na kiɗan rok ban yi kukansu sosai ba, ihun gita ne kawai. Amma na waƙoƙin sol, Yaya, baƙaƙen fatar Amurka ke rera su kamar masu roƙon Allah. Shi kansa Tambaya lumshe ido yake in na sa.

Ɗaya ya tsira, na kiɗan kantiri, wanda ban taɓa so ba. Wani Bature ne ke waƙa ta hanci. Wani ɗalibi ya fassara min: amaryar mawaƙin ce ta gudu da direba.

Jiya Tambaya ya turo, ba kunya, wai in kawo garmahona bikin aurensa a gida bayan Salla. Zan zo, Allah ya kai mu. Faifan nan zan yi ta sawa har a tashi, kuma tare da ɗalibin zan taho. Ki nema masa kujera kusa da uwar amarya, ya fassara mata.

Ƙaninki,
Yahuza