Mashayin Rediyo da Ciwon Kan Baba

Greenock,
9 ga Janairu, 1934.

Zuwa ga Yaya Morag,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Dunedin. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai dai Gwaggo Effie da tarinta na kowace shekara.

Yaya, kaina ya ɗaure, ban kuma da wanda zan tambaya sai ke. Kin san Yaya Lachlan ya yi shekara goma sha biyar a silima yana fitowa a maigadi ko direban keken doki, ba wanda ya san sunansa. To, tun bara gidan rediyo suka ba shi wasan wani tsoho mashayi duk Alhamis da yamma, gari ya ɗauka. Mai nama har ƙarin tsoka yake yi mini, wai in kai wa ɗan giyarmu ya wartsake. Mutumin da ko ƙofar mashaya bai taɓa leƙawa ba!

Yanzu dattawan coci sun kira shi. Sun ce ba mai iya kwaikwayon maye haka sai wanda ya ɗanɗana. Mista Rennie, ɗaya daga cikinsu, ya ce masa su ba yara ba ne, ya daina raina musu hankali, ya faɗi inda ya koya. Sun ba shi wa'adi zuwa bikin Ista, ko ya yi bayani ko ya sauka daga kujerar dattijo, kujerar da Baba ya zauna a kai shekara talatin. Na ce masa don Allah ya buɗe baki, ko ƙarya ce ya ce a tashar jirgin ruwa ya gani. Ya ce ba zai yi ƙarya a gaban coci ba, gaskiyar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai, in zuba masa shayi kawai.

Ni da ban taɓa sauraron wasan ba, Alhamis da ta wuce na je gidan maƙwabta na zauna. Kowa na dariya har da hawaye, ban da ni. Tsohon nan in ya shigo gida sai ya ba ƙofa haƙuri, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce yara su yi a hankali. Yaya, haka Baba yake yi ranar Asabar! Ranakun da Mama take cewa ciwon kansa ya tashi, ke kuma ki ja ni zuwa gidan Gwaggo, Lachlan ya tsaya cire masa takalmi. Shekarata shida a lokacin. Ko ni ce nake haɗa abin da bai haɗu ba?

In na yi shiru Lachlan ya rasa kujerarsa, in na yi magana ban san asirin wa zan tona ba. Ki ba ni amsa a jirgin farko, ko za ta iso kafin Ista.

Ki gaishe da maigidanki Dougal, da Catriona da ƙaramin Ewan. Gwaggo Effie ma tana gaisuwa. Na tambaye ta wane irin ciwon kai Baba yake yi, sai ta tashi ta shiga wanke kofin da na riga na wanke.

Taki ƙanwa,
Ishbel