Ƙafar Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Kwankwason nan ya hana ni zama kan keken ɗinki. In tashi, in zauna, in tashi. Yaya ya leƙo shago, wai ya samo wata likita mai gyaran ƙashi da hannu. Na ce, "Kai da ka yar da ni daga kan keke ina yaro har ƙafata ta hagu ta gajarce, yau kai ne mai nemo magani?" Ya juya ya tafi. Haƙurin nan nasa ya fi komai ba ni haushi.

Alhamis, 6 ga Maris
Na je, don Mama ta sa baki. Na riƙe littafin ƙasusuwan da na saya a gwanjo, na fara zuba wa likitar bayani. Ta ce, "Tela, ka yi karatu. Yanzu juya." Ta ɗora manyan yatsunta a kan ramukan nan biyu na bayan ƙugu, ta ce in sunkuya a hankali. Wai yatsanta na dama ya riga na hagu tashi, gaɓar wajen ta cije, ƙugu ya karkata, shi ya sa ƙafa ɗaya take kamar gajeriya. "Da wace ƙafa kake taka fedar keken ɗinki?" Da dama kaɗai mana. Na ce sam, ni da duk wandunana sai na rage ƙafar hagu! Ta yi dariya. "Awo ai sana'arka ce. Je ka auna, daga tsinin ƙashin ƙugu zuwa idon sawu."

Juma'a, 7 ga Maris
Ban auna ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na auna. Daidai suke. Tef ɗin banza.

Lahadi, 9 ga Maris
Na ari tef ɗin maƙwabci. Daidai. Na kasa zama, na kasa karatu. To yanzu da wane laifi zan riƙe Yaya?

Laraba, 19 ga Maris
Likitar ta danna, ta murɗa, zafin ya ragu. Ina taka feda da ƙafa biyu kamar ɗan koyo. Mama ta ce tun ranar da na faɗi Yaya bai sake hawa keke ba. Wa ya tambaye ta?

Lahadi, 30 ga Maris
Yaya ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa. "Ƙanena, ya ƙafar?" Na ce, "Ƙugu ne, ba ƙafa ba. Lafiyarta ƙalau tun asali. Matsalarka ba ka karatu." Na ce ya shigo in kalmashe masa wandonsa. Ba don komai ba, jan ƙasa yake yi.