Motar Sulken Yayana da Ka Yi Kyauta da Ita

Zuwa ga Alhaji Garba, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Birmingham da Manchester.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da shekarunka da kujerarka, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Ina gaida dattawan ƙungiya da 'yan kwamiti, da duk wanda wannan takarda ta iso hannunsa.

Ranka ya daɗe, ka san ni, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in gabatar da kaina. Sunana Nasiru, ina zaune a Hulme, kuma aikina haɗa haƙoran roba a wani ɗakin aiki a nan Manchester. Na kira ka a waya har na gaji, na tura saƙo kana karantawa kana shiru, na tako har ƙofar gidanka aka ce ba ka nan alhali motarka na tsaye. Tunda a gaban jama'a ka yi mini abin da ka yi, a gabansu zan ba ka amsa.

Na farko, abin da ka karɓa a hannuna.

Idan na tashi daga aiki ina harhaɗa ƙananan motocin yaƙi na roba, irin waɗanda tankar yaƙi guda ba ta wuce tsawon tafin hannu da rabi ba. Ana sayen su gunduwa-gunduwa a kwali, a yanke, a kankare, a manne, a fesa fenti, sannan a tsufar da su har su yi kama da motar da ta sha hanya. Daga nan a gina musu ɗan fili da ƙasa da itatuwa da mutane. Masu wannan sana'a suna kiran filin dayorama.

Yayana Haladu soja ne, direban motar sulke. Ya rasu a bakin aiki a Arewa maso Gabas, ina nan ƙasar, ban samu jana'izarsa ba. Hoton ƙarshe da ya turo mini yana tsaye ne a gindin wata aduwa, ya dafa motarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da kofin shayi, abokan aikinsa na zaune a kan jarkoki suna dariya. Wannan hoton na gina.

Babu kwalin da ya zo daidai da motarsa, sai na sayi mai kama da ita na yanyanka na sake mata siffa. Fentin da ya ɓare a gefen ƙofa, da guntun soso na ɗiɗɗiga shi. Tsatsar da ta zubo daga ƙusoshi, da buroshin da bai fi gashin ido kauri ba na ja ta. Na niƙa alli mai launi na kwaɓa na yi jar lakar da ta daskare a tayoyi. Akwai wata lotsawa a hagu da ya taɓa ba ni labarin yadda aka yi ta, ita ma na sa ta. Sojojin suna kiran motar Gwaggo, sun rubuta sunan da farin fenti a goshinta, na kwaikwayi rubutun har da karkacewarsa. Aduwar da waya na murɗa ta. Silifas ɗin da ya rataye a jikin madubi ma suna nan.

Fuskarsa ce ta fi ba ni wuya. Kan mutum a wannan ma'auni bai kai ƙwayar wake ba. Na sassaƙa na watsar, na sake na watsar, ina leƙe ta gilashin ƙara girma da hantsaki a hannu, har ranar da na ɗaga kai na ga Yaya Haladu yana kallona daga kan teburin kicin. Ranar ban iya cin abinci ba. Kusan shekara biyu aikin ya ɗauke ni. Na rufe shi a akwatin gilashi, na sa ɗan allon tagulla mai sunansa a gaba.

Wannan shi ne abin da daga baya ka kira kayan wasan yara.

Na biyu, yadda ya shigo hannunka.

Ni ban kai maka ba, kai ka zo. Ka ga hotonsa a wayar wani, ka hau mota daga Birmingham har falona, ka tsaya a gabansa ka cire hula, ka ce ba ka taɓa ganin irinsa ba. Ka ce ƙungiya za ta yi taron tara taimako ga matan sojojin da suka rasu, a wani zaure a unguwar Ladywood da ke Birmingham, kuma idan mutane suka ga wannan zuciyarsu za ta karye su buɗe hannu. Na yi jinkiri. Matata Zainab tana wurin, ta ji abin da ka ce da bakinka: "Nasiru, amana ce. Ko gilashin ba mai taɓawa. Ana tashi ka ɗauki abinka."

Na yarda saboda matar yayana ma tana cikin irin waɗannan mata. Ni na rungumo shi a cinyata a bayan motar wani abokina tun daga Hulme har Ladywood, duk inda aka taka birki sai gabana ya faɗi.

Na uku, abin da ka yi a zauren.

Ba ka gaya mini akwai babban baƙo ba, sai da na iso na ga wani ɗan siyasa daga gida a kan babban tebur, da muƙarrabansa. Aka yi jawabai, aka ci abinci. Ana dab da tashi ka karɓi lasifika, ka sa aka ɗauko akwatin daga inda na ajiye shi aka kawo gaba. Na zaci za ka ambaci sunan yayana. Sai na ji ka ce wannan wata 'yar tsaraba ce da ƙungiya ta sa matasanta suka ƙera musamman domin Honorabul, a madadin dukkanmu.

Aka yi tafi. Na miƙe tsaye. A lokacin na lura an cire allon tagullar, an manna takarda mai tambarin ƙungiya a wurinsa. Wato ba ɓarin baki ka yi ba, Alhaji. Cire allon nan sai da sukudireba, ni na ɗaura shi na sani. Ka shirya abinka tun kafin a buɗe taro.

Na nufo gaba, mutanenka biyu suka tare ni, ɗaya ya riƙe mini hannu yana cewa, "Don Allah kar ka kunyata mu a gaban baƙo, za a gyara." Kai ma ka sauko ka ja ni gefe kana murmushi saboda masu ɗaukar hoto, ka ce, "Haba ɗana, na hoto ne kawai. Gobe da safe zan karɓo maka a otal." Na kalli furfurarka na haƙura. Ina tsaye aka fita da yayana aka sa shi a but ɗin mota.

Na huɗu, abin da ya dawo mini.

Goben ta zo ta wuce, ba kai ba labarinka. Wadda ta dube ni ita ce Malama Hajara, shugabar mata ta ƙungiya, wadda ta je otal ɗin yi wa matar baƙon sallama. Ita ta ga abin da ya faru, kuma ta ba ni izinin in faɗi sunanta. Akwatin ya ƙi shiga jakar tafiya, sai wani cikin muƙarraban ya cire gilashin, ya kama motar ya fizge ta daga filin, ya ce ita kaɗai ta isa a kai wa yaran oga. Sauran aka tura kusa da kwandon shara. Malama Hajara ta tattara a leda, ta biyo jirgin ƙasa da kanta ta kawo mini har gida. Allah ya saka mata da alheri.

Na buɗe ledar a gabanta. Aduwar ta karye, sojojin da ke kan jarkoki sun tarwatse, filin ya tsage biyu. Shi kuwa Yaya Haladu, hannunsa a manne yake da motar, ƙafafunsa a manne da ƙasa. Da aka fizga sai ya karye a idon sawu. Gangar jikinsa ta bi motar, takalmansa biyu suka rage a tsaye a kan jar ƙasar.

Alhaji, ba a kawo mana gawar yayana gida ba, a can aka binne shi. Ka yi tunanin abin da na ji da na ga takalman nan.

Mahaifiyarmu tana Zariya, idonta ya yi rauni. Lokacin da na gama aikin na nuna mata ta waya, ta sa aka matso mata da ita dab da fuska, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Har kunnen nasa ka yi." Tun daga ranar, duk Juma'a idan na kira sai ta ce in juya wayar ta gaisa da Haladu. Yanzu makonni ke nan ina ce mata gilashin ne ake gyarawa. Ka mai da ni mai yi wa uwata ƙarya.

Na biyar, abin da ka ce bayan haka.

Da maganar ta fara yawo, ba ka kira ni ba. Ka shiga guruf ɗin ƙungiya na waya ka rubuta cewa ni na bayar da shi sadaka da bakina, daga baya na yi nadama. Ka ce abin mamaki ne magidanci mai iyali ya tada hankalin jama'a a kan kayan wasan yara, kuma idan abin ya dame ni haka za ka shiga shago ka sayo mini wata motar. Wasu suka sa alamar dariya. Na ga sunayensu, ban manta ba.

Wane shago ne ake sayar da fuskar yayana? Faɗa mini sunansa in je da kaina.

Ana ta raɗe-raɗin abin da kake nema a wurin baƙon nan. Ban sani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne ka ɗauki abin da ba naka ba, ka cire sunan mamaci, ka miƙa da hannu biyu kana rusunawa.

Dattawa biyu sun zo mini, sun ce in yi haƙuri, baƙi muke a ƙasar mutane, kada a ji kanmu. Na girmama su, na ba su shayi, na raka su har bakin titi. Amma ba wanda ya ce maka ka tuna baƙuncinmu ranar da ka sa aka kwance allon. Haƙurin da ake nema a wurina na yi shi a zauren Ladywood, kuma ga abin da ya haifa a cikin leda.

Ga abin da nake nema. Ka dawo mini da allon tagullar, na san yana wurinka ko wurin wanda ka sa. Ka nemi baƙonka ka karɓo motar da abin da ya rage na jikin yayana, ko da a karye, ko da yara sun tauna. Ka koma guruf ɗin da ka yi mini ƙarya ka rubuta gaskiya, sannan ka maimaita ta da bakinka a mitin na gaba, a tsaye, da lasifika, kamar yadda ka yi kyautar. Kuma ka sauka daga kujerar nan, domin wanda ya yi haka da amanar mamaci bai kamata a bar masa ta matan mamata ba. Kuɗinka kuwa ka riƙe, ba na so.

Ga kuma abin da zan yi, ko ka amsa ko ba ka amsa ba. Zan shigar da ƙara a kotun ƙananan ƙararraki. Ina da bidiyon taron, ina da saƙon da ka turo kana roƙon aro, kalmar aro kuwa da hannunka ka rubuta ta. Ranar zaɓen ƙungiya zan zo da ledar nan in ajiye ta a kan tebur kusa da akwatin ƙuri'a, ba zan ce komai ba.

Sannan ina sanar da kai na fara sabon aiki. Zaure ne, da babban tebur da fararen kujeru. A tsakiya akwai wani dattijo cikin babbar riga ruwan toka, ya rusuna, yana miƙa akwatin gilashi, sukudireba na leƙowa daga aljihunsa. Na gama jikin, ina kan fuskar, kuma ba ta ba ni wahala ko kaɗan, don kullum tana gabana ko na rufe ido. Masu irin wannan sana'a suna baje kolin ayyukansu a Birmingham da Manchester, jama'a na zuwa da iyalansu. Zan kai shi duk inda aka ba ni tebur. Ba zan rubuta sunanka ba. Duk wanda ya taɓa ganinka sau ɗaya zai gane ka daga bakin ƙofa, wanda bai san ka ba kuma zai tambaya, ni kuwa ina tsaye a wurin, ina da lokacin ba da labari. Roba ba ta ruɓewa, Alhaji. Jikokinka ma za su same ka a rusune.

Ina roƙon Allah ya ja kwananka, ya bar maka idonka garau har ka zo ka gani da kanka. Allah ya shirye ka, ya hana a sake damƙa maka amanar wani kafin shiriyar ta zo. Allah ya jiƙan Haladu da abokansa da suka kwanta a daji. Tsakanina da kai kuwa, ban yafe ba, kuma ba na so wani ya je ya ce maka na yafe.

Wassalam, daga wanda ya ba ka aro,

Nasiru, ƙanin marigayi Haladu,
Hulme, Manchester.