Ya Kayar Min da 'Ya Garin Ɗaukar Bidiyo a Kan Keke

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Bara likita ya ce wa maigidana ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ya sayi keke. Har na yi murna. Ashe wahala na yi wa maraba. Sai ya koyi wani salon ɗaukar bidiyo da waya, wanda tafiyar awa guda take fitowa a 'yan daƙiƙu, motoci na gudu kamar tururuwa, gajimare na tsere. Shi ke nan. Da ya taso daga aiki sai gadar sama, sai shataletale, sai bakin kasuwa, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya riƙe da waya. Abinci ya huce a kwano, shi yana can yana jiran faɗuwar rana. Famfon banɗakinmu ya yi wata yana yoyo bai gani ba, amma ya san inda inuwa take faɗawa a kowane titi.

Duk na haƙura. Makon jiya ya goya autarmu, 'yar shekara shida, wai za su sha iska. Suka dawo hannunta a karye. Ya ce min a matakalar gidanmu ta zame. Na yarda, har na wanke maigadi tas a kan ruwan da ke kwanciya a wurin, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri.

Shekaranjiya a ofis wata abokiyar aikina ta miƙo min wayarta. Bidiyonsa ne da ya ɗora, mutane na ta yabo. Ta tsayar da shi daf da ƙarshe. Anti, garin ya kife, sama ta koma ƙasa, ga ƙafar 'yata a bakin kwata, ga tayar mota kusa da ita. Ko yanke wurin bai yi ba. Da na titsiye yarinyar, sai ta fashe da kuka, wai Abba ya ce kada ta faɗa don kada in hana su fita.

Da na tunkare shi, ya ba ni haƙuri, wai tsoron faɗana ya ji. Ni ce dodon ke nan? Na ɗaure keken da sarƙa, makullin yana jakata. Yayata ta ce in kwashi yara in taho gida. Ni kuwa so nake in farfasa wayar a gabansa. Me zan yi?

Uwar Auta

'Yar'uwa, sannu, Allah ya ba yarinya lafiya. Fushinki yana kan hanya. Laifi biyu ya yi, kuma na biyun ya fi nauyi. Faɗuwa tsautsayi ne da ganganci ya jawo, amma ɗora wa ƙaramar yarinya ƙarya ta riƙe, wannan da saninsa ya yi.

Sai dai kada ki fasa waya, kada ki yi yaji. Keken nan maganinsa ne, bidiyon kuma shi ke sa shi hawa. Ki kuma tambayi kanki me ya sa faɗa miki gaskiya ya gagare shi. Ban wanke shi ba, amma yadda kika yi wa maigadi ya nuna harshenki da kaifi. Ki je ki nemi yafiyar maigadin, shi ba ruwansa.

Idan kin huce, ki zaunar da maigidan, ku biyu kawai. Ya sauke bidiyon. Ya gaya wa auta a gabanki cewa shi ne ya yi kuskure, kuma babu abin da za ta sake ɓoye wa mamanta. Ya sayi maƙalin waya na keke da hular kwano. Ranar da zai yi ɗauka, shi kaɗai zai fita. Ranar da ya goya yarinya, waya ta zauna a aljihu. In ya amince, ki miƙa masa makullin da hannunki. In ya tsaya gardama, sai ki sa babban da yake jin nauyi a maganar.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya zaunar da ku lafiya.