A Cire Hoton Yaya Zulai Daga Takardar Garinku

Zuwa ga Baba Dakta, Shugaban Ƙungiyar 'Yan Gida mazauna garin jami'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran 'yan ƙungiya. Allah ya ƙara girma.

Sunana Hannatu, shekarata goma sha shida. Ni ce ƙanwar marigayiya Zulaihatu, 'yar Malam Sani mai shagon jakunkuna a unguwar Tremont, nan Bronx. Ka taɓa gani na, ko da yake ba lalle ka tuna ba. Ni ce yarinyar da ta kawo maka ruwa ranar da ka zo mana ta'aziyya, ta ajiye ta gudu ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. Haka Allah ya yi ni, magana a gaban mutane tana mini wuya. Na aika maka wasiƙa biyu ta gidan waya, ɗaya a Agusta, ɗaya a Satumba, ban ji amsa ba. Shi ya sa na roƙi ladan ya manna mini wannan a allon sanarwa na masallaci, ko wani zai gani ya isar maka. Ka gafarce ni, ba raini ba ne. Ku kuma iyaye masu tsayawa ku karanta, don Allah kada wani ya kai wa Innarmu labari. Idan kun kai ƙarshe za ku gane dalili.

Zancen takardar nan ce da ƙungiyarku take bugawa da Hausa da Turanci, mai kiran iyaye su turo 'ya'yansu karatu garinku, ko su ma su tattara su koma can da zama. Na san ta kamar yunwar cikina. Shekara biyu da suka wuce ni na ɗauko ta daga masallaci, ni na karanta wa Baba da Inna, har ina ƙara mata gishiri. Ni mai karatun littattafan soyayya ce, waɗanda gwaggona take aiko mini daga Kano da waɗanda nake arowa a laburare, kuma garinku ya yi mini kama da inda irin labaran nan suke ƙarewa. Na riga na gama tsara yadda Yaya Zulai za ta haɗu da wani mai gilashi a bakin tafki, littafinta ya faɗi ya ɗauko mata. Baba yana ta jan ƙafa, yana cewa tafiyar kwana guda a bas ta yi nisa ga 'ya mace mai ciwon asma. Ni na yi ta cewa, ai ga shi an rubuta iskar can ta fi ta nan tsabta. Ban manta da wannan ba, kuma ba a kanka nake ɗora shi ba.

A watan Yuli na bana na raka Baba kwaso kayan ɗakinta. Kwana uku muka yi. Na tafi da tsohuwar takardar a jakata, na bi abubuwan da kuka lissafa ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da na gani.

Na ɗaya, tafki. Kun ce wuri ne na kwale-kwale inda iyalai suke shan iska. Mun je ranar Talata da hantsi. Tafkin yana nan, kuma yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma kwale-kwalen duk an kife su an ɗaure da sarƙa, kujerun kuwa babu kowa a kansu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Muna tsaye sai wata jiniya ta ɗauka. Ba irin ta motar 'yan kwana-kwana da muka saba ji a nan ba, wadda take zuwa ta wuce. Wannan daga sama take, tana hawa tana sauka, kamar garin ne gaba ɗaya yake kuka. Baba ya damƙe hannuna ya ce, "Hannatu, yaƙi ne?" Muka waiga ko'ina. Babu wanda ya fito, babu tagar da aka buɗe. Wani tsoho can nesa yana ba ciyawa ruwa, ko kai bai ɗaga ba. Daga baya matar masaukinmu ta yi dariya ta ce gwajin jiniyar guguwa ce, ana yi kowace Talatar farkon wata. A bas, muna dawowa, na ƙirga da yatsuna. Yaya ta kira mu ranar Lahadin farkon Yuni. Likita ya ce washegari Litinin ta cika. Ke nan ranar Talata jiniyar nan ta yi ta kuka a kan rufin ɗakinta, tana kwance a ciki.

Na biyu, gidan wasan kwaikwayo da zauren kiɗa, waɗanda kuka ce ba a mako ba a yi wani abu ba. Na tarar da takarda a ƙofa, an rubuta a rufe suke sai Satumba. Gidan tarihi ne kaɗai a buɗe. A ciki an gina ɗakin mutanen da, an zaunar da mutum-mutumi guda bakwai kewaye da tebur, da burodin katako a gabansu, da wata uwa riƙe da cokali a sama. Idan ka danna wani maɓalli, sai muryar mace ta fito daga bango tana yi maka maraba. Baba Dakta, wallahi su ne taron da ya fi yawa da na gani a ɗaki ɗaya a garinku. Da muka fito, agogon hasumiyar jami'a ya buga wani kiɗa mai daɗi. Muka tsaya muka saurara har ya gama, ni da Baba, don sai na ji kamar rashin kunya ne a yi kiɗa babu mai ji.

Na uku, kuma shi ne babba. Kun rubuta da manyan baƙaƙe cewa gari ne mai shiru, babu mai damun wani. Da na fara karanta wannan, daɗi na ji, don a nan jirgin ƙasa da rediyon maƙwabta ba sa barin mutum ya gama shafi. Abin da ba ku faɗa ba shi ne, daga Mayu ɗalibai suna watsewa, gidaje su zama kango har kaka. Gidan da Yaya take yana da ɗaki goma sha biyu, ita kaɗai ta rage saboda aikin laburare. Mun yi ta buga mata waya tana ƙara ba a ɗauka, muka ce tana wurin aiki. Da Lahadi ta zagayo ba ta kira ba, Baba ya nemi gidanka, aka ce kun tafi hutu gida. Sai ranar Talata 'yan sanda suka buɗe ƙofar. Kwana takwas.

A benenmu akwai Hajiya Balki, 'yar Kumasi, a hawa na uku. Idan azahar ta yi ba ta ji motsin tukunyar Inna ba, sai ta sauko tana dukan ƙofa da tafin hannu tana cewa, "Maman Zulai, kin mutu ne ba ki faɗa mini ba?" Da can haushinta nake ji, ina cewa ta cika sa ido. Yanzu idan na ji takunta a matattakala, ajiyar zuciya nake yi.

Taswirar da ke bayan takardarku ta nuna filin ƙwallo, da hanyar keke, da shagon askirim. Ba ta nuna maƙabarta ba. Mun sha wuya kafin mu same ta, a bayan gonakin masara, masarar ta fi Baba tsayi, iska tana kaɗa ta tana wani sauti kamar mutane suna raɗa. Baba ya ce mutum biyar ne suka yi mata salla. Ina godiya ga waɗannan biyar, da matar limaminku da ta yi mata wanka. Allah ya biya su.

Na huɗu. Duk waɗannan da na yi shiru a kansu, don na san ajali ba ya tambayar gari. Amma a ƙarshen Agusta Inna ta aike ni sayen daddawa a shagon Alhaji Idi na Maraɗi, sai na ga sabuwar takardarku ta bana a jere kusa da ma'auni. A bangonta Yaya Zulai ce. Tana zaune a bakin tafkin nan da koren mayafinta, wanda yanzu yake ninke a akwatina, tana dariya har haƙoranta a waje, tana kallon mai ɗaukar hoto, wato tana kallon duk wanda ya ɗauki takardar. A ƙasa kun rubuta, "Ku zo, muna jiran ku."

Ban san yadda aka yi na fita daga shagon ba. Na dai tsinci kaina a titi da takardun gaba ɗaya a cikin hijabina, babu daddawa.

Ina kyautata zaton hoton na liyafar ƙungiyarku ta bara ne, kuma wanda ya kai bugu bai lura ba. Amma Inna ba ta gani ba tukuna. Tun rasuwar ta sa aka sauke duk hotunan Yaya, ta ce ba za ta iya ba, kuma wata huɗu ke nan ba ta taka ƙofar gida ba. Ba ta karatun boko, wannan wasiƙar ko ta tsaya a gabanta ba za ta san me ta ƙunsa ba. Hoto kuwa ba ya bukatar makaranta.

Don haka nake bin shaguna bayan an tashi daga makaranta, ina kwashewa. Na bi na Tremont duka, ranar Asabar har jirgin ruwa na hau zuwa unguwar Tompkinsville, don an ce an kai can ma. Ban iya roƙo ba, sai in jira mai shago ya juya baya. Ban taɓa ɗaukar abin kowa ba sai yanzu, Allah ya yafe mini. Zuwa yau ina da guda sittin da uku. Kun sa Bisimilla a saman kowace, ba zan iya jefa sunan Allah a shara ba. Wuta kuma ba zan iya kai wa fuskarta ba. Suna ƙarƙashin katifata. A kansu nake kwana, kuma idan na juya ina jin su suna motsi.

Jiya ladan ya sanar cewa wani kwalin takardun nan yana tafe, za a raba a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ta sama. A wannan Juma'ar ce Hajiya Balki ta samu ta shawo kan Inna za ta fita karo na farko. Hannu biyu gare ni, ba zan iya tare kwali guda ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka buga wa limaminmu waya kafin Juma'a, a tsayar da rabon. Ka turo wanda zai karɓi waɗanda suke wurina, a yi musu yadda malamai suka ce a yi wa takarda mai sunan Allah. Idan za ku sake bugawa, ku bar tafkin da kiɗan, gaskiya ne suna nan, amma ku ƙara layi ɗaya, ku faɗa wa iyaye cewa garin yana zama babu kowa wata uku a shekara. Ku kuma sa wani a cikinku, ko da mai sa ido ne, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofar duk ɗan da ya rage.

Roƙo na ƙarshe, ina jin kunyarsa. Ba mu da hoton Yaya ko ɗaya da take irin wannan dariyar, a gida kullum rufe baki take yi. Idan asalin hoton yana wurinku, a wanke guda ɗaya tak, babu rubutu a kai, a rufe a ambulan a sa sunan Inna. Zan ajiye mata. Ranar da ta ga za ta iya, ita za ta buɗe da hannunta, a ɗakinta, ba a bakin titi a gaban jama'a ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa kada ka taɓa jiran wayar da ba za a ɗauka ba. Allah ya ji ƙan Yaya Zulai da dukkan Musulmi.

Wassalam.

'Yarka,
Hannatu Sani
Tremont, Bronx, Oktoba 1994